Idan ƙoda ta raunana, ina maganin da aka sha yake zuwa?

"Ɗaya da safe, ɗaya da dare." Wannan umarnin da likita ke rubutawa, ko mai kemis ya zana da biro a jikin 'yar ledar magani, lissafi ne da aka ɗora a kan zato guda: kafin lokacin ƙwaya ta biyu ya yi, jiki ya riga ya fitar da kaso mai tsoka na ta farko. Gaɓoɓi biyu ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki. Hanta tana sarrafa magani ta sauya masa kama, ƙoda kuma tana tsame shi daga jini ta tura shi cikin fitsari. Adadin da aka buga a bayan kwali an yanka shi ne don mai lafiyayyar ƙoda. Wanda tasa ta raunana yana shan kason wani jiki daban, kuma galibi bai ma san ta raunana ba, domin ciwon ƙoda mai daɗewa ba ya sallama idan zai shigo. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana zuwa kasuwa yana dawowa, ba kumburi, ba ciwon kwiɓi, fitsari kuma yana fita yadda ya saba.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi. A kwana guda suna tace ruwa kusan lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su bar lita ɗaya zuwa biyu ta fita. Wani maganin a wurin tacewar nan yake zubewa tare da ruwa. Wani kuma sai siraran bututun da ke bayan matatar sun ɗauko shi daga jini da ƙarfi sun jefa shi cikin fitsari, kuma fenisilin shi ne sarkin wannan hanya. Saurin fitarsa ya kai a 1941, lokacin da ake gwada shi a Oksfod ta Ingila yana da matuƙar ƙaranci, daga fitsarin marar lafiya ake sake tsamo shi a tsarkake a sake yi masa allurarsa. Idan ciwo ya cinye matatai, duk hanyoyin nan tare suke ja da baya.

Ana auna ƙarfin tacewa da mililita a minti ɗaya, shi ne abin da takardar awo ke nunawa da eGFR. Matashi mai lafiya yana tsakanin 90 da 120. Idan ya sauka ƙasa da 60 ya zauna a nan fiye da wata 3, ciwon ƙoda mai daɗewa ya tabbata. Daga 30 zuwa 59 mataki na 3 ke nan, 15 zuwa 29 mataki na 4, ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta gaza, an shiga maganar wankin ƙoda ko dashe.

A ɗauki tsakar gida mai rariya ɗaya, ana sheƙa mata bokitin ruwa safe da yamma. Muddin rariyar a buɗe take, kafin bokiti na biyu ya zo na farko ya tsiyaye. Ranar da ta fara toshewa, bokitin bai ƙara girma ba, mai zubawa bai sauya lokaci ba, amma ruwan yau zai tarar da ragowar na jiya, na gobe ya tarar da na yau, har ya kai bakin ƙofar ɗaki. Masana magunguna suna auna wannan da tsawon lokacin da rabin magani ke ɗauka kafin ya bar jini. Jentamisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta da kusan kowane asibiti da ɗakin shan magani ke da ita, rabinta yana fita cikin awa 2 zuwa 3 a jikin mai lafiya. A jikin wanda ƙodarsa ta tsaya, yana iya haura kwana 2. Bankomaisin, wata allurar kashe ƙwayoyin cuta, daga awa 6 yake komawa wajen mako guda. Digoksin na ciwon zuciya daga kwana ɗaya da rabi zuwa kwana 4 ko 5. Jentamisin kuwa idan ta taru, kunne take ci, ta jawo kurumta da jirin da sau da yawa ba sa warkewa, sannan ta ƙara lalata ƙodar da ta kasa fitar da ita.

Ba kowane magani abin ke shafa daidai ba, kuma lissafin ba shi da wuya. A ce ƙarfin ƙoda ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Maganin da kashi 90 cikin ɗarinsa ta ƙoda yake fita, saurin fitarsa zai koma kusan sulusi, don haka idan aka ci gaba da adadin da aka saba, abin da zai zauna a jini zai ninka kusan sau uku. Maganin da kashi 10 kawai ke bi ta ƙoda, da ƙyar za a ga bambanci. Abin tambaya na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke cutarwa. Amoksisilin, na dangin fenisilin, ta ƙoda yake fita, amma tazararsa da faɗi, ko ya ɗan taru ba kasafai yake ɓarna ba. Digoksin na zuciya da litiyam na masu taɓin hankali tazararsu siririya ce ƙwarai, ninki biyu ya isa ya kwantar da mutum.

To ta yaya ake sanin ƙarfin ƙodar? A nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Awon da aka saba yi shi ne na kiriyatinin, wani datti da tsokar jiki ke samarwa kullum, ƙoda kuma ta fitar. Idan ya hau a jini, ƙoda ta yi rauni. Sai dai yawansa ya danganta da yawan tsoka. Ga takardun awo biyu a kan tebur, kowacce ta nuna kiriyatinin 100, wanda a yawancin ɗakunan awo yana cikin iyakar lafiya ko dab da ita. Ta farko ta wani ɗan dako ce mai shekara 30 da nauyin kilo 80. Ta biyu ta wata dattijuwa ce mai shekara 75 da kilo 45. Akwai lissafin da likitoci biyu 'yan Kanada, Cockcroft da Gault, suka fitar a 1976: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a ninka da 1.23 ga namiji ko 1.04 ga mace, a raba da kiriyatinin. Ɗan dako ya tashi da kusan 108. Dattijuwa ta tashi da 30. Lamba ɗaya a takarda, amma ita tana bakin mataki na 4, kuma idan aka duba takardar da ido kawai aka ce "Hajiya, ƙodarki lafiya lau," za a rubuta mata irin adadin da za a rubuta masa.

Shi kansa lissafin yana da nasa rauni. A kan maza 249 aka gina shi a wani asibitin tsofaffin sojoji a Montreal, ragin da ake yi wa mata kuma ƙiyasi ne. Wani lissafi da ya biyo baya a 2009, wanda injinan awo da yawa ke amfani da shi, yana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin ɗari a kan sakamakonsa, bisa zaton cewa ya fi tsoka. An cire wannan ƙari a Amurka a 2021. Wani babban bincike da aka yi a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya nuna lissafan kiriyatinin suna kambama ƙarfin ƙodar 'yan Afirka fiye da yadda yake. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce idan takarda ta yi kuskure, ta ɓangaren kwantar da hankali ta fi yinsa. Ramammen da ya daɗe a kwance, da wanda aka yanke wa ƙafa, da tsohon da ba ya cin nama, duk kiriyatinin ɗinsu yana iya yin ƙasa alhali ƙoda ta yi nisa.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓuya. Ana iya cewa magani kaza hanta ce ke sarrafa shi, don haka ba ruwansa da ƙoda. Amma abin da hanta ta mayar da shi fa, ta ina zai fita? Mofin, babban maganin raɗaɗi, hanta tana juya shi zuwa sinadarai biyu. Ɗayansu yana da ƙarfin kashe ciwo da danne numfashi kamar uwarsa ko fiye, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. Mai ciwon ƙoda zai iya karɓar mofin yau lafiya, jibi a ga barci ya yi masa nauyi, numfashi yana ja da baya. Kodin a jiki mofin yake komawa, don haka hukuncinsu ɗaya. Fetidin, wani maganin raɗaɗin, yana barin wani saura da ke tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya. Tiramadol, wanda ba sai an gabatar da shi ga kowa a Kano ko Zinder ba, shi da abin da hanta ke mayar da shi duk ta fitsari suke fita. Idan ƙarfin tacewa ya gaza 30, ƙa'idar ita ce a tsawaita tazara zuwa awa 12 kuma kada a wuce miligiram 200 a kwana. A kwatanta da ƙwayoyin 225 da ake sayarwa a bayan fage, waɗanda guda ɗaya ta riga ta tsallake iyakar. Firegabalin na ciwon jijiya, wanda aka fi sani da Lyrica, kusan dukkansa ƙoda ke fitarwa yadda ya shiga.

Masu ciwon suga ya kamata a fi tsayawa a kansu, tunda suga da hawan jini su ne manyan masu kai mutane ga ciwon ƙoda. Metfomin, wanda kusan kowane mai suga ya fara da shi, hanta ba ta taɓa shi, ƙoda ce ke fitar da shi ɗungurungum. Idan ya taru yana iya jawo tsamin jini mai kisa, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta kafa iyaka: kada a fara shi tsakanin 30 da 45, a daina shi gaba ɗaya ƙasa da 30. Gilibenkilamid, wato Daonil, shi ya fi ba ni tsoro saboda arha da yawansa a kasuwa. Saurarsa tana ci gaba da sauke suga, kuma a jikin mai raunin ƙoda faɗuwar sugan tana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu. A ɗura wa mutum ruwan suga ya farfaɗo, a sallame shi, cikin dare ya sake suma.

Har insulin abin bai bari ba. Ƙoda tana rusa kaso mai yawa na insulin da aka yi allurarsa, saboda haka idan ta raunana sai ya daɗe yana aiki. Za ka ji dattijon da ya shekara goma sha yana fama da suga yana cewa, "Ai ni Alhamdu lillahi ciwon ya sake ni, yanzu ko rabin allurar na yi sai in ji jiri da gumi." 'Ya'ya su yi murna, a danganta abin da wani jiƙo da aka kawo daga ƙauye. Likitan da ya san aikinsa idan ya ji wannan magana, awon ƙoda zai fara rubutawa.

Ciwon ba a ƙoda yake tsayawa ba. Dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini yana rage kuzarin sinadaran hanta masu sarrafa magani, don haka har magungunan da ba su da hulɗa da fitsari fitarsu na iya jinkiri. Wannan dattin kuma yana ƙwace wa magani mazauni a jikin albumin, furotin ɗin da ke goya magunguna a cikin jini. Maganin da ke goye ba ya aiki, wanda ya sauka shi ke aiki. Fenitoyin na farfaɗiya a jikin mai lafiya kashi 90 cikin ɗarinsa a goye yake. A mai ciwon ƙoda kason da ke sake yana iya ninkawa, sai awon jini ya nuna jimillar ta yi ƙasa alhali mai aikin ya wadatar. Wanda ya bi lambar ya ƙara adadi, shi zai sa marar lafiya tangaɗi. A hanji ma akwai ruɗani: ƙwayar kalsiyam da ake ba masu ciwon ƙoda don ta kama sinadarin fosfet a abinci tana kama maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifurofuloksasin da maganin maƙoƙo na tairoksin idan aka haɗiye su tare, su wuce ba su shiga jini ba. Farin ruwan maganin olsa mai magniziyam ko alminiyam kuwa, wanda ake kurɓa kamar ba magani ba, ƙarafan cikinsa ƙoda ce ke fitar da su. Dalilin nan ne ya sa ungozoma a asibiti, idan ana yi wa mai jijjigar juna biyu allurar magniziyam, take auna fitsarinta tana buga gwiwarta kafin ta ƙara wata.

Daga abin da ya gabata mutum zai iya ɗauka cewa dokar ita ce a rage komai. Wannan ma kuskure ne, kuma yana kashewa. Furosemid, wato Lasix, sai ya isa cikin bututun ƙoda yake aiki, kuma raunanniyar ƙoda kaɗan take bari ya isa. Miligiram 40 da ke sa mai lafiya zarya banɗaki, mai mataki na 4 yana iya buƙatar ninkinsa sau biyu ko huɗu kafin kumburi ya motsa. Naitirofurantoyin na ciwon mafitsara sai ya taru a fitsari yake kashe ƙwayar cuta. Idan ƙoda ba ta kai shi can ba, amfaninsa ya ragu, illarsa ta zauna a jini. Sannan ga batun adadin farko. Girman jiki da ruwan da ke cikinsa su ke yanke yawan maganin da za a fara da shi, ƙoda kuma ta yanke yawan da za a riƙa bi da shi. Mai ciwon ƙoda da ƙwayar cuta ta shiga jininsa yana buƙatar cikakkiyar allurar farko, wani lokaci ma fiye idan ya kumbura. Tsoron ƙoda yakan sa a ba shi rabi tun daga farko, cutar ta samu sarari.

Ragin ma iri biyu ne. Ko a rage yawa a bar lokaci, ko a bar yawa a tsawaita lokaci. Jentamisin ta fi kisa idan ta hau sama sosai sannan ta sauka ƙasa sosai, don haka tazara ake buɗe mata. Dangin fenisilin sun fi son zama a jini ba yankewa, don haka an fi rage musu yawa.

Cututtukan da muka fi sani suna nuna yadda abin ya rarrabu. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, allurar atesunet ba ta buƙatar gyara ko ƙoda ta tsaya, amma kwinin ana rage sulusinsa idan an wuce awa 48 ƙodar ba ta farfaɗo ba. A tarin fuka, cikin magunguna huɗu na farko, rifamfisin da isoniyazid suna nan yadda suke, etambutol da firazinamid kuma ana mayar da su sau 3 a mako idan tacewa ta gaza 30, domin etambutol idan ya taru jijiyar ido yake taɓawa. Matsalar ita ce huɗun a dunƙule suke cikin ƙwaya ɗaya. Haka ƙwayar da mafi yawan masu cuta mai karya garkuwar jiki ke sha a Najeriya, mai haɗe da tenofobir da lamibudin da dolutegirabir: biyun farko ta ƙoda suke fita, tenofobir kuma yana iya cutar da ita, na ukun ba ruwansa. Dunƙulewar ta sauƙaƙa wa miliyoyin mutane, babu musu. Amma ba a iya rage sulusin ƙwaya a bar sauran, shi ya sa idan tacewa ta sauka ƙasa da 50 sai an warware haɗin an sauya tsari, kuma warwararrun ba kowace cibiya ke da su ba.

Duk wannan a asibiti ne, inda aƙalla akwai takarda. A tsaya a bakin kemis da magariba, lokacin da leburori da 'yan acaɓa da manoma ke tasowa. "A haɗa min na ciwon jiki." A ɓare ƙwaya huɗu ko biyar a zuba a leda: diklofenak, ibufurofen, wataƙila da Feldene, duk dangi ɗaya, a ɗora farasitamol da wata mai launi. Wannan dangin yana toshe sinadaran da ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matata. Lafiyayyar ƙoda a jikin da ya ƙoshi da ruwa takan jure. Raunanniya, a jikin da ya yini yana gumi a zafin Afrilu, da waɗannan sinadaran take riƙe da ɗan abin da ya rage mata. Idan mutumin yana shan lisinofiril na hawan jini da maganin sa fitsari, an taru a kanta ta uku: ɗaya ya rage ruwa, ɗaya ya matse mashiga, ɗaya ya saki mafita. Tacewa ta faɗi cikin kwanaki, sai metfomin ko digoksin da ya shekara yana sha lafiya su fara taruwa. A ƙara masa Septrin na kashe ƙwayoyin cuta, sinadarin fotasiyam ya hau a jini, shi kuwa bugun zuciya yake tsayarwa. A yankin Gashuwa da Nguru da Haɗeja, inda yawan ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a, wannan 'yar ledar ba ƙaramin abu ba ce. Farasitamol shi kaɗai, a adadinsa, ya fi sauran aminci nesa ba kusa ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe kuwa ba wanda zai iya gyara adadinsu, tunda ba a san abin da ke ciki ba balle hanyar fitarsa.

Wankin ƙoda yana sake dagula lissafin. Injin yana kwashe maganin da yake ƙarami, mai narkewa a ruwa, wanda ba ya goye a albumin kuma yake yawo a jini. Jentamisin da litiyam da yawancin dangin fenisilin suna fita. Digoksin kuwa ya lafe a tsoka, kaɗan ne a jini, injin ba ya cim masa. Saboda haka magungunan da ke wankuwa bayan an sauko daga inji ake ba da su, in ba haka ba kuɗin allurar ya bi ruwan wanki. Jadawalin da littattafai suka tsara ya ɗauka ana wanki sau 3 a mako, awa 4 kowane zama. A nan kuwa kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin yawancin gidaje, mutum ya yi yau, sai an sayar da akuya ko an yi karo-karo a dangi kafin ya sake komawa bayan kwana 10. Maganin da aka rubuta "a sha bayan kowane wanki" zai yi masa kaɗan idan ya bi umarnin, wanda aka rubuta "kullum" da zaton inji zai kwashe rarar jibi kuma zai taru. Likitan da ke rubuta masa magani yana buƙatar sanin ranar da ya yi wankin ƙarshe, da ranar da yake da kuɗin na gaba, da ko har yanzu yana ɗan yin fitsari.